Kafin Ka Ja Layi Biyu: Yadda Ake Warware Tambayoyin Kemistiri Masu Wuya

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin kimiyya ya yi wa ɗaliban da suka ba da kansu domin koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a lokacin dogon hutu. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.



An roƙe ni in yi magana a kan yadda ake warware tambayoyin kemistiri masu wuya, irin waɗanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da ta NECO, da kuma ta share fagen shiga jami'a kamar IJMB. Na san da yawa daga cikinku sun riga sun haye wannan kogi, wasu a jirgi, wasu da iyo, wasu kuwa har yau ba su san yadda aka yi suka ga kansu a tsallake ba. Amma an gaya mini cewa a wannan hutu za ku koma garuruwanku ku zauna da ƙannenku ku koya musu, wasunku kuma nan ba da jimawa ba za a tura su bautar ƙasa, a miƙa musu alli da aji cike da yara. Saboda haka maganata ta yau ta fi shafar masu koyarwa a kan masu rubuta jarrabawar.

Bari in fara da wani abu da ya faru a wata makaranta da na taɓa koyarwa. Na ba 'yan ajina tambaya a kan kanwa, na ce su nemo mini kashi nawa cikin ɗari na abin da aka auna ne kanwa tsantsa. Akwai wani yaro wanda ba shi da na biyu wajen hadda. Ya riga kowa gamawa, ya kawo mini littafinsa, na duba na ga ya rubuta kashi 169.6 cikin ɗari, ya ja layi biyu a ƙarƙashi da rula. Na ce masa, "Kai, in mahaifiyarka ta aike ka ka sayo mudun gero guda, aka sheƙe shi aka tsince tsakuwa, za a sami mudu ɗaya da rabi?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ina zai yiwu!" Na ce, "To ga shi kuwa ka rubuta ya yiwu." Sai ya dube ni da iyakar gaskiyarsa ya ce, "Malam, ai fomula ce ta ba ni."

Wannan amsa tasa ita ce cutar da ke kayar da yaranmu. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Ya san abin da hankali zai ɗauka a kasuwa, amma da ya shiga aji sai ya ajiye hankalin a bakin ƙofa tare da takalmansa, ya ɗauka cewa kemistiri wata duniya ce dabam inda abin da ba zai yiwu ba yake yiwuwa. Alhali kuwa kowace tambayar kemistiri labari ce na wani abu da ya auku a cikin kwalba: an zuba wannan, an ɗiga wancan, wani abu ya ƙare, wani ya ragu, wani sabo ya fito. Wanda ya iya ba da labarin nan da bakinsa, da Hausa ma in ya so, kafin ya taɓa alƙalami, ya ci rabin tambayar. Sauran rabin kuwa ƙidaya ce, kuma ƙidayar duk ta ƙofa ɗaya take bi, watau mol.

To, mene ne mol? Ku je wurin mai goro. Ba ya ce muku goro ɗari, sai ya ce ƙwarya. Mai sayar da ƙwai ko faranti yana da dozin. Haka masu kemistiri suke da mol, sai dai ƙwaryarsu tana da girma ƙwarai, domin kayan da suke ƙidayawa ƙanana ne ainun: mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Dalilin da ya sa ake bukatarsa shi ne, ƙwayoyin zarra da ƙidaya suke haɗuwa, ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, amma mu ba mu da ido ko hannun da za mu ƙidaya su, sai dai mu ɗora a sikeli mu auna nauyi, ko mu auna yawan ruwa. Mol shi ne gadar da ke tsakanin abin da sikeli ya nuna da abin da ƙwayoyin suka yi. In tambaya ta ba ka giram, ka raba da nauyin mol ɗaya. In ta ba ka ruwa mai ƙarfi kaza, ka ninka ƙarfin da yawan ruwan a lita. In ta ba ka iskar gas, ka raba da 22.4 ko 24, gwargwadon wanda aka rubuta maka a kan takarda. Hanyoyin shiga uku ne, amma zauren ɗaya ne.

Wani ɗan tsokaci ga masu amfani da tsofaffin littattafai. Za ku tarar an ce mol shi ne adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 12 na kabon-12. Wannan ita ce ma'anar da aka bi har zuwa ranar 20 ga Mayu, 2019, lokacin da aka yanke lambar ta zama 6.02214076 × 10²³ daidai wa daida, ba tare da an jingina ta ga nauyin kome ba. Wannan canji bai taɓa ko ɗigo a cikin lissafin ɗan sakandare ba, amma ya kyautu malami ya sani.

Yanzu bari mu koma ga tambayar kanwar nan, mu bi ta daki-daki, domin in kun fahimce ta kun fahimci dangogin tambayoyi masu yawa. An narkar da giram 3.00 na kanwa a ruwa, aka cika shi ya kai cm³ 250. Aka ɗebi cm³ 25.0 daga ciki, aka sa ɗigon manunin launi na metil oranj, aka riƙa ɗiga asid HCl mai ƙarfin mol 0.200 a kowace lita, har launin ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro. Asid ɗin da aka ɗiga ya kai cm³ 24.0. Aka ce a ɗauka cewa abin da ke cin asid a cikin kanwar duk sodiyam kabonet ne. Wannan ɗauka ce kawai ta jarrabawa, domin kanwar gaske da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi tana da baikabonet da gishiri da ƙasa a gauraye.

Abu na farko, ka rubuta abin da ya faru, ka daidaita shi:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Wannan layi ɗaya yana gaya maka cewa kowace ƙwaya ɗaya ta kabonet tana cin biyu na asid. Sa'an nan ka nemi abin da ka san kome game da shi. A nan asid ne, domin an ba ka ƙarfinsa da yawansa. Ka ninka 0.200 da 24.0, ka raba da 1000, ka sami mol 0.00480. Tun da biyu ake ci a kan ɗaya, kabonet ɗin rabin wannan ne, watau mol 0.00240. To, a nan sai ka dakata ka tambayi kanka, wannan adadi a cikin wane ruwa yake? A cikin cm³ 25.0 da aka ɗeba ne, ba cikin dukan 250 ba. Ai kashi ɗaya ne cikin goma aka gwada. Saboda haka ka ninka da goma, ka sami mol 0.0240. Nauyin mol ɗaya na sodiyam kabonet giram 106 ne, watau 46 na sodiyam, 12 na kabon, 48 na oksijin. Ka ninka, ka sami giram 2.544. Ka ɗora wannan a kan giram 3.00 da aka fara da shi, amsa ta fito kashi 84.8 cikin ɗari.

Ku lura da ramuka biyu da ke kan wannan hanya. Wanda ya manta da biyun nan da ke gaban HCl, shi ne zai sami giram 5.088 a cikin giram 3.00, ya rubuta 169.6 kamar yaron nan nawa. Wanda kuma ya manta ya ninka da goma zai sami 8.48, watau ya ce abin da ya saya da sunan kanwa kusan duk ƙasa ce. Na farkon hankali zai kama shi nan take, in an bar hankalin ya yi aiki. Na biyun ya fi haɗari, domin lambar ba ta yi kama da ƙarya ba, kuma ba abin da zai tserar da kai daga gare shi sai ba da labarin nan da na ce: an narkar, an cika, an ɗebi kaɗan. Shi ya sa nake tilasta wa 'yan ajina su zana kwalba babba da ƙarama a gefen takarda, su rubuta 250 a kan ɗaya, 25 a kan ɗaya. Wasu suna ganin wasan yara ne. Ni kuwa na ga makin da zanen nan ya ceto.

Na san za ku ce akwai fomular nan da kowa ya haddace, mai CV na asid a sama, CV na alkali a ƙasa. Ba na ƙin ta. Gaskiya ce, kuma tana da sauri. Amma keke ce mai zuwa unguwa ɗaya kaɗai. Ran da mai tambaya ya karkata kaɗan, ya sa asid fiye da kima ya ce a auna ragowar, ko ya kawo dutse maimakon ruwa, sai ka ga mai fomula ya tsaya cik, mai bin mol kuwa ya wuce abinsa. In kiɗa ya canja, rawa ma tilas ta canja, kuma wanda ya haddace taku ɗaya shi ke shan kunya a fage.

Tun da na ambaci alkali, ku gaya wa ƙannenku ba alƙalin kotu ake nufi ba. Kalmar daga Larabci Turawa suka aro ta, kuma asalinta tana nufin tokar wani tsiro da ake ƙonawa. Ashe ke nan tsohuwar da ke tace ruwan toka ta dafa shi da mai ta yi sabulun salo, aikin alkali take yi, tun kafin a buga littafin da ya ba shi suna.

Irin tambaya ta biyu da ke kayar da yara ita ce wadda aka ba da adadin abubuwa biyu gaba ɗaya. Misali, an jefa giram 6.5 na tutiya cikin cm³ 100 na HCl mai ƙarfin mol 1.0 a lita, aka ce a nemo yawan iskar haidirojin da za ta fito. Yaro zai kama lambar da ya fara gani, ya ce tutiya mol 0.1 ce, saboda haka haidirojin ma mol 0.1, watau lita 2.24. Bai tambaya ba ko asid ɗin ya isa. Mol 0.1 na tutiya yana bukatar mol 0.2 na asid, ga shi kuwa 0.1 kaɗai aka zuba. Mai haɗa kekuna in yana da gangar jiki goma da ƙafafu goma, keke biyar zai fitar, sauran gangar jikin su zauna jingine. Haka nan asid zai ƙare, rabin tutiyar ya ragu a gindin kwalba, haidirojin ya tsaya a mol 0.05, watau lita 1.12. Ƙa'idar da za ku ba su gajeriya ce: duk inda aka ba da lambobin abu biyu, ɗaya zai riga ɗaya ƙarewa, kuma mai ƙarewar shi ke yanke hukunci.

Tambayoyin rarraba sinadari da lantarki, waɗanda suka dogara ga dokokin da Michael Faraday ya fitar a Ingila wajen 1833 da 1834, yara suna jin tsoronsu a banza. Mol ne dai ya sake riga. Ilektiron ma ana ƙidaya shi da mol, kuma mol ɗaya nasa yana ɗauke da kulom 96,500. A ce an saki lantarki mai ƙarfin amfiya 0.50 na tsawon awa 1 da minti 4 da sakan 20 a cikin ruwan jan ƙarfe salfet. Ka fara mayar da lokacin duka zuwa sakan, ka sami 3,860. A nan ma ake faɗuwa, domin wani zai ninka da minti. Ka ninka da 0.50, ka sami kulom 1,930, ka raba da 96,500, ka sami mol 0.0200 na ilektiron. Kowace ƙwayar jan ƙarfe tana bukatar ilektiron biyu kafin ta manne, saboda haka mol 0.0100 ne, watau giram 0.635. Da azurfa ce, mai bukatar ilektiron ɗaya, da wannan lantarki ya ba da giram 2.16. Sai dai ku ja kunnensu su karanta da me aka yi sandunan da aka tsoma. In na kabon ne ko filatinam, oksijin ke fitowa a sandar anod, kuma shuɗin ruwan yana dusashewa. In na jan ƙarfe ne, sandar ce ke narkewa, launin ruwan kuwa ba ya canjawa. Kalma ɗaya ce ta raba amsoshin biyu.

Zan ɗan daɗe a kan hanyar Haber, domin ban san shekarar da wani abu game da ita ba ya shiga karatun ɗan ajin ƙarshe, kuma ta shafi tuwon da muke ci. Fritz Haber ya nuna a Jamus a 1909 cewa ana iya haɗa naitirojin na iska da haidirojin a sami amoniya, Carl Bosch kuma ya mayar da abin ya zama masana'anta a 1913. Daga amoniyar nan ake yin takin yuriya. Haɗin yana tafiya gaba yana komowa baya:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

kuma yana fitar da zafi in ya yi gaba. Ƙa'idar da Le Chatelier ya bayyana a 1884 ta ce in ka matsa wa irin wannan haɗi ta wani gefe, zai karkata ta inda zai rage matsin. Mol huɗu na gas ne a hagu, biyu a dama, saboda haka ƙara matsi yana ƙara amoniya. Wannan kowa ya iya. Inda ake tuntuɓe shi ne zafi. Tun da haɗin yana fitar da zafi, sanyi ne ya kamata ya ƙara yawan amoniya, to don me masana'antu ke aiki a wajen digiri 450? Yaron da ya haddace zai ce domin a sami amoniya da yawa, kuma ya faɗi. Amsar ita ce, a cikin sanyi haɗin yana tafiyar hawainiya, har ba za a ci riba ba. Sai aka yi ciniki: aka haƙura da wani kaso na amoniyar domin a sami sauri, aka riƙa kwashe wadda ta samu, ana mayar da ragowar gas ɗin ya sake zagayowa. Ƙarfen da ake sawa a matsayin katalis kuwa hanzarta tafiya kawai yake yi, gaba da baya duka. Ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da za a samu in an kai ga daidaito. Ku sa su maimaita wannan har ya zauna.

Ku da za ku yi aikin gona a ma'aikata, ga inda lissafin aji zai biyo ku ofis. Nauyin mol na yuriya, CO(NH₂)₂, 60 ne, 28 daga ciki naitirojin, watau kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Shi ne 46 ɗin da kuke gani a jikin buhu. Amoniyam salfet nauyinsa 132, naitirojin ɗinsa 28, watau kashi 21. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, na salfet kuwa bai kai kilo 11 ba. Malamin gonan da ya gwada farashin buhu da buhu bai yi wannan lissafi ba, ya ba manomi shawarar da za ta ci masa kuɗi.

A kan asid mai ƙarfi da mai rauni ba zan tsaya ba, sai abu ɗaya. HCl mai mol 0.10 a lita yana da pH 1, asid etanoyik mai wannan adadi kuwa yana da pH wajen 2.9, domin kusan ƙwaya ɗaya ce rak cikin ɗari ke sakin haidirojin ɗinta. Amma in aka tambaya wanne zai fi cin alkali kafin ya mutu, amsar ita ce daidai suke ci, tun da mol ɗinsu ɗaya ne. Mai raunin yana biyan bashinsa da kaɗan-kaɗan ne, amma duka zai biya.

Tambayoyin sinadaran kabon kuwa aikin ɗan sandan ciki ne, kowace jimla shaida ce. An ce wani abu yana da kabon kashi 40.0, haidirojin 6.7, oksijin 53.3. Ka raba kowanne da nauyin zarrarsa, ka sami 3.33 da 6.7 da 3.33, watau 1 da 2 da 1, CH₂O, mai nauyi 30. In aka ce nauyin mol 60 ne, ka ninka da biyu, C₂H₄O₂. Da 180 aka ce, da ka faɗa gidan sukari irin gulukos. Amma ko C₂H₄O₂ ɗin ba mutum ɗaya ne mai wannan suna ba. Sai an ce yana tafarfasa da sodiyam kabonet yana fitar da gas, sa'an nan za ka ce asid etanoyik ne. In aka ce ba ya yi, amma yana da ƙamshi, to ka nufi wajen esta, metil metanowet. Kuma in rabon ya ba da 1.5, kada a cika shi ya zama 2. A ninka duka da biyu.

Wanda ya kasa gane oksideshan da ridakshan, ku kai shi marinar Ƙofar Mata a Kano, ko kowace karofi da ke kusa. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa. A cikin ramin, inda toka ta mai da ruwan ya zama alkali, ƙananan halittu ke sa shi ya karɓi ilektiron, ya zama mai narkewa, ya shiga zare. Marini ya ɗaga zane ya fito kore-kore mai ratsin rawaya, iska ta buge shi, oksijin ya karɓe ilektiron ɗin, sai ga shuɗi ya bayyana a kan idonka. Karɓa shi ne ridakshan, bayarwa shi ne oksideshan, kuma abin da wani ya bayar tilas ya yi daidai da abin da wani ya karɓa. Da wannan ake daidaita haɗin famanganet da ƙarfe: manganis yana saukowa daga +7 zuwa +2, ya karɓi biyar, kowace ƙwayar Fe²⁺ kuwa ɗaya take bayarwa, saboda haka ɗaya ne a kan biyar.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba mu cika faɗa ba. Da Turanci ake tambayar, yaro kuwa da Hausa yake tunani, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a bar shi bai san bambancin kalmar da ke neman ya faɗi abu kawai da wadda ke neman ya kawo dalili ba. Na sha ganin wanda ya cika rabin shafi a kan tambaya mai maki ɗaya, ya ba da layi ɗaya ga mai maki biyar. Makin da ke gefen tambaya yana gaya maka tsawon amsar. Kuma a rubuta kowane mataki na lissafi tare da ma'auninsa, domin mai duba takarda yana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya yi duk aikinsa a cikin kalkuleta ya zubo lamba tsirara, in ta kuskure ba shi da abin kamawa.

Na bar jarrabawar gwaji a ƙarshe domin a nan ne zuciyata ta fi ɓaci. Makarantu da dama ba su da kayan aiki, yaro ba ya taɓa buret sai ana saura kwana kaɗan, wani ma sai ranar. Daga nan sai a koya masa ya rubuta abin da littafi ya ce za a gani, ko ya gani ko bai gani ba, wani lokaci har a raɗa masa lambar da zai sa. Ina roƙonku kada ku zama masu raɗar nan. Ku koya musu su raba abin da ido ya gani da abin da hankali ya yanke, kowanne a gurbinsa. In ka ɗiga sodiyam haidiroksaid ka ga farin gudaji, ka ƙara ya narke, ba ka da ikon cewa tutiya ce, domin alminiyam da dalma ma haka suke yi. Sai ka gwada da ruwan amoniya: na tutiya zai narke in ka ƙara, na sauran biyun ba zai narke ba. Tsakanin su biyun kuma, fotasiyam ayodaid zai ba da gudaji rawaya in dalma ce. Mataki uku ne, ba a tsallake ko ɗaya.

Kada ku ɗauka wannan wasan launi ne na neman maki. A 2010, a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Gwajin jini da na ƙasa ne ya nuna abin da ke kashe su. Mutanen da ke yin irin wannan gwaji, da masu auna kulorin da alam a gidan ruwa, da masu duba magani da abinci, daga irin azuzuwan da za ku shiga a wannan hutu suke fitowa. Wanda ya saba rubuta abin da bai gani ba yana ɗan shekara goma sha bakwai, ban san ranar da zai daina ba.

Zan bar muku tambaya ɗaya ku tafi da ita, ku fara gwada kanku kafin ku gwada ƙannenku. An ɗauko giram 1.00 na dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Ashaka da Kalambaina, aka jefa shi cikin cm³ 50.0 na HCl mai ƙarfin mol 0.500 a lita. Bayan tafarfasar ta tsaya, asid ɗin da ya ragu ya ci cm³ 14.0 na sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin mol 0.500 a lita. Nauyin mol na kalsiyam kabonet 100 ne. Kashi nawa cikin ɗari na dutsen ne kalsiyam kabonet? Ku ba da labarin tukuna: nawa aka zuba, nawa ya ragu, nawa dutsen ya ci. Wanda ya sami fiye da ɗari, ya san lambar da zai koma ya nema.